Kamfen da Na Yi wa Matuƙi a Kasuwar Kifi

A shekarun da na fara aiki a Abuja, farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, gari kuwa sai tashi yake yi. Inda ka bari daji ran Juma'a, ka dawo Litinin ka tarar an zuba harsashin gini. Kowa yana da wani kawu da ya samu kwangila. Ni dai rabona a cikin arzikin shi ne ɗaki ɗaya a Kubwa, da ƙaramar mota 'yar Kwatano, da na'urar kallon faifai wadda sai ka ɗan mare ta a gefe take buɗe baki. Tuzuru ne ni a lokacin, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, ba ni da abin yi bayan an tashi aiki sai wanki da kallo.

A goslo ake sayen faifan. Kana tsaye a layin motocin shiga gari, masu talla za su manna maka su a gilashi, sizin guda cur a faifai ɗaya. A nan na haɗu da wani fim mai dogon zango na Turawa, labarin wani jirgin sararin samaniya da ma'aikatansa masu awon fili. Wai duniya ta cika, sai ake aika su waɗansu duniyoyin su auna, su kafa duwatsu, su yanka fulotai don masu tahowa. Kusan duk inda suka sauka sai su tarar da masu wurin, waɗansu kore, waɗansu da ido a goshi, kowa yana cewa gonar kakansa ce. Mu da ke zaune a Abuja ba mu nemi a fassara mana wannan ba. Amma ba shi ya dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne wa Kwamanda za ta aura.

Kwamanda ita ce shugabar jirgin, mace mai gajeren gashi wadda ba ta san dariya ba. Maza biyu ke kewaye da ita. Akwai Matuƙi, rabinsa mutum rabinsa wata halitta, fatarsa toka-toka, bakinsa ba linzami. Kullum cikin faɗa suke, ta sa a kulle shi, ya fito ya ɗora daga inda ya tsaya. Akwai kuma Mai Lambu, wanda ke kula da shuke-shuken da ke ba jirgin iskar shaƙa. Shi wannan bawan Allah sai a gama sizin bai yi wata magana ta kirki ba. Abin da ya iya kawai shi ne ya ajiye mata tumatir a bakin ƙofa ya wuce.

Ni na kai faifan ofis, kuma kamar wasa ƙaramar magana ta zama babba. Ya zaga teburi-teburi har ya karce, ofis ya rabu gida biyu, 'yan Matuƙi da 'yan Mai Lambu. Bayan azahar mukan haɗu a bencin wata mai sayar da shinkafa a bayan ginin, a nan ake gwabzawa. Manyan mutane fa, masu digiri, wani har da furfura, suna nuna wa juna cokali a kan auren mutanen da ko a mafarki ba za su gansu ba. Ni ne shugaban 'yan Matuƙi, ba zaɓe ba hamayya. Da kwamfutar gwamnati nake shiga wani dandali inda Turawa ke irin wannan musu, in kwaso hujjoji in kawo benci da zafinsu. A can na samo ƙa'idar da na riƙe kamar karatun allo: duk mace da namijin da ka ga suna yawan faɗa, son juna suke yi, su ne dai ba su sani ba. Aka laƙa mini Farfesa. Na ɗauka yabo ne.

Shugabar 'yan Mai Lambu wata Bafulatana ce 'yar Yola, a sashen tsare-tsare take, tana zaune a gidan yayanta a Gwarimpa. Ina sonta. Ba zan yi kwana-kwana ba, son da nake mata ya kai in ta yi fashin aiki rana ɗaya shinkafar benci ba ta yi mini daɗi. In na sayo sabon sizin ita nake fara ba, tun ban kalla ba. In na je gida Zariya na dawo, sai in riga kowa zuwa ofis in ajiye mata kilishi a kan tebur, ba tare da na ce ni ne ba. Ranar da motar yayanta ba ta zo ba ni ke sauke ta a kwanar gidansu, kuma duk tsawon hanyar zancen jirgi nake yi mata. Ko sau ɗaya ban taɓa ce mata komai ba. Kuma ban taɓa ganin wata alaƙa tsakanin kilishina da tumatir ɗin Mai Lambu ba.

Wata rana musu ya yi zafi, ta ajiye cokali ta dube ni.

"Farfesa, kai fa ba ka san mata ba," in ji ta. "Surutu ba ya riƙe gida. Wanda ya lura ba ka ci abinci ba, shi ne miji."

"Haba Hajiya!" na ce. "Mutumin da ya kasa buɗe baki? Wallahi ko nan garin aka kawo shi ba mai ba shi 'ya. Namijin da ba zai iya faɗa ba, a bar shi da lambunsa."

"To," in ji ta. "Kai dai ka faɗa da bakinka."

'Yan ɓangarena suka tafa mini. Na koma ofis ina jin na yi nasara.

Ana nan sai aka yo wa wani Babarbare canjin wurin aiki daga Maiduguri zuwa sashenmu. Dogo ne, mai fara'a, da zanensa a fuska, hularsa kullum a karkace. Ranar farko da ya shigo ya ji an ce ga Bafulatana, sai ya tsaya a tsakiyar ofis ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe an tanadar mini baiwa tun ban iso ba." Ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe bawana ya shigo da takalmi?" Daga ranar ba su ƙara gaisawa kamar mutane ba. Ya ce danginta sun fi son saniya da 'ya'yansu, ta ce nasa ba su san wani abinci ba sai goro. Ya ɓoye mata jaka, ta zuba masa gishiri a shayi.

Yanzu fa ni Bazazzagi ne. Na tashi ina ganin yadda muke yi da Kanawa, na san wasan Fulani da Barebari tun ina sa gajeren wando. Duk wanda ke ofishin ya san abin da yake gani, har masinja da ya zo daga ƙauyen Yangoji ya sani. Ni kaɗai, Farfesa, na zauna a kujerata na hangi Kwamanda da Matuƙi sun sauko Abuja. Na fara lura da su kamar mai gadin gona. In ya tsokane ta ta harare shi, sai in ce a raina ga shi nan, sak sizin na biyu. In ta yi dariya bayan ya fita, sai in ƙara tabbata.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne watan cika-ciki. A wannan watan abokan wasa kan bi juna shara, wato 'yar kyautar da ake karɓa da tsiya da dariya. Ta tare shi a ƙofa ta ce ba zai shiga ba sai ya biya. Washegari ya kawo mata kwalbar turaren wuta irin na Barno, ya dangwara mata a tebur ya ce, "Ungo, ko kya rage warin nono." Ofis ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba. Turaren wuta fa, na ce a raina, kayan amare! Na koma Kubwa ranar na kwanta rigingine, na yanke shawarar janyewa. Na ji zafi ƙwarai, amma kuma na ɗan burge kaina. Na ga kamar ni ne irin mutumin nan na cikin fim da ke tsayawa a taga yana kallon taurari, ya haƙura don wasu su ji daɗi. Tagata dai bayan wani gidan burodi take kallo.

Ba a daɗe ba sai ga waya daga yayanta. Babban ma'aikaci ne a wata hukuma, mun taɓa gaisawa a ƙofar gida in na sauke ta. Ya ce in ba ni da uzuri ran Asabar bayan la'asar, in same shi a kasuwar kifi ta Kado. Na sa shaddata mai kyau na tafi.

Na tarar ya riga ya zaɓi tarwaɗa ƙatuwa, an kai wa masu gashi. Muka zauna a rumfa, hayaƙi yana shiga ido, muka gaisa har da tambayar mutanen Zariya ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi sana'ar mahaifina, ya tambayi unguwarmu, ya tambayi wanda ya karantar da ni. Na amsa duka, ina cewa a raina mutumin nan akwai son hira. Da kifi ya iso da yaji da albasa, ya tura mini tsakiyar, ya ɗauki wajen wutsiya. Sai da muka ci rabi sannan ya wanke hannu ya gyara zama.

"Ƙanena," in ji shi, "ka san ƙanwar nan tawa amana ce a hannuna. Baba ya matsa mini daga gida. Akwai wani abokina da ya daɗe yana nema, mutumin kirki, amma ta ce a dakata mata, wai akwai wani a ofishinku. Shi ne na ce bari in zauna da kai, in ji ta bakinka."

Duk Bahaushe ya san akwai zama iri biyu da ke kama da juna. Akwai na bincike, inda dangin yarinya ke neman wanda ya san manemi su tambaye shi halinsa. Akwai kuma wanda ake buɗe wa saurayi mai nauyin baki ƙofa, don ya samu ya ce zai turo magabata. Ba wanda ke tambayar sana'ar uban mai ba da shaida, kuma ba wanda ke ba shi tsakiyar kifi. Amma ni na riga na gama kallon fim ɗin a kaina. Na ce a raina lokacin sadaukarwa ya zo.

"Yallaɓai," na ce, "na gode da ka ga na isa a tambaye ni. Na san shi, kuma wallahi ba ta yi zaɓen tumun dare ba."

Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai. Ina jin ya ɗauka irin kunyar nan ce ta mai maganar kansa kamar wani yake nufi.

"Babarbare ne," na ce. "Ɗan Maiduguri."

Murmushin ya tsaya inda yake. Ni kuwa na tsunduma. Na yabi sallarsa, na yabi riƙon amanarsa, na ce bai taɓa makara ba, wanda ƙarya ce. Na ce kada Yallaɓai ya damu in ya ji suna zage-zage, ai wannan ita ce babbar alama. Da na ga kamar bai gamsu ba, sai na kawo hujja. Allah ya gani, a rumfar kifin nan na zauna na ba babban ma'aikacin gwamnati labarin Kwamanda da Matuƙi, tun daga ranar da ta fara kulle shi har ranar da iskar jirgi ta kusa ƙarewa ya cire abin shaƙarsa ya sa mata. Har da kwatance da hannu, da maiƙon kifi a yatsuna. Na kuma ƙara da cewa akwai wani Mai Lambu da wasu ke goyon baya, amma wannan ba namiji ba ne, ɓata lokaci ne.

Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "To kai fa? Ba ka da wata magana ta kanka?"

"Ni?" na ce. "Ni ai farin cikinta shi ne nawa."

Na tuna na ji daɗin wannan jimla sosai. Ya dube ni ya ce, "Madalla. Allah ya saka da alheri." Ya sa aka naɗe mini sauran kifin a takarda, ya raka ni har mota.

Ran Litinin ta zo aiki ta gaishe ni da "Ina kwana, Malam," ba Farfesa ba. A tebur na tarar da faifan da na ba ta, ko ledarsa ba a ɓare ba. Ba ta ƙara zuwa benci ba, 'yan Mai Lambu suka zama marayu, muka yi ta cin su da yaƙi. Na fassara shirunta da cewa kunya ce, tunda yanzu magana ta je gaban manya. Ina ta jiran ranar da Babarbare zai zo ya rungume ni.

Ya kuwa zo, amma da katin ɗaurin aurensa. 'Yar kawunsa ce a Maiduguri, an daɗe da sa rana, ita ce ma ta haɗa turaren da ya kawo. Bafulatana ta karɓi nata katin ta ce Allah ya ji ƙan yarinyar da za ta zauna da bawa, ya ce ta zo ta yi wanke-wanke. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na daina amsa gaisuwarsa da kyau, a ganina ya yaudari baiwar Allah. Har na same ta a ofis na ce ta yi haƙuri, maza ba su da tabbas, wani jinkirin alheri ne. Ta dube ni, irin kallon da har yau ban manta ba, ta ce, "Allah ya ba ka lada, Malam." Na fita ina cewa yarinyar nan akwai dauriya.

Da na ji an sa ranarta da abokin yayan nan, wani mai sayar da kayan gini a Dei-Dei, na yi tunanin ko in yi magana. Amma na ce ai zuciyarta tana wurin Babarbare, ba zan zama na cike gurbi ba. Abin da na iya shi ne na ba da motata don hidimar biki. Aka ce in je tasha ran Alhamis da rana in ɗauko waɗansu gwaggonninta biyu da suka taho daga Yola.

Tsofaffi ne masu kuzari, da buhunan kaya da ƙwarya a naɗe cikin zane. Na loda, suka shiga baya, muka kama hanyar Gwarimpa. Suka ɗauke ni ɗan aike ne kawai, suka ci gaba da hirarsu, rabi Fulatanci rabi Hausa. Ban sa kunne ba sai da na ji an ce ofis.

"Ai ba wannan ta so ba," in ji babbar. "Wani ne a ofishinsu, Bazazzagi. Shekara guda yana ajiye mata kilishi, bai ce uffan ba. Ita da bakinta ta roƙi yayanta ya sauƙaƙa masa hanya."

"To me ya hana?" in ji ƙaramar.

"Ya kira shi har kasuwar kifi, ya ba shi tsakiya. Da aka zo magana sai ya ce wai ga wani Babarbare, a ba shi."

"Babarbare! Abokin wasan nata?"

"Shi fa. Kin ga ai ya ƙi ke nan, cikin ladabi. Wai har da tatsuniyar wani jirgi ya kawo don ya kauce. Yayan ya ce bai taɓa ganin wanda ya iya ƙin mutum da wayo irin yaron nan ba."

"Ba ya so, me ya kai shi kilishi?"

"Oho. Yarinyar nan sai da ta kwanta ciwo. Ni na zo na yi jinyarta, ba abin da take ci sai kunu."

Na wuce kwanar gidan da na sha sauke ta, sai da na je gaba na juyo. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba, kuma ba wanda zan kama in ce shi ya yi mini.

Babbar ta taɓa kafaɗata. "Kai ɗan nan, an ce kai ma a ofishin kake ko? Ka san shi?"

"Na san shi, Goggo."

"Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"To," na ce, "yana dai zuwa aiki."

Muka isa. Gida ya cika da mata, ana kiɗan ƙwarya a tsakar gida, an ce amarya tana ciki ana sa mata lalle. Na sauke buhunan na kai har bakin ƙofar falo, ban shiga ba. Babbar goggon ta kamo hannuna ta riƙe, ta ce na yi musu tuƙi a hankali, da gani na fito gidan mutunci.

"Kana da iyali?" in ji ta.

"Tukuna, Goggo."

"Allah ya ba ka mace ta gari," in ji ta, "ya raba ka da halin wancan."

Na ce amin.